Siffa Kan Siffa: Abin da Ke Kayar da Mutane a Gwajin Basira na Zane

Takardar ba ta ɗauke da kalma ko ɗaya. Gidaje tara ne, uku-uku a jere, an cika takwas da zane, an bar na tara wayam. A sahun farko, gida na ɗaya da'ira ce da layi tsaye ya ratsa ta. Gida na biyu da'irar ce dai, amma layin da ya ratsa ta a kwance yake. Gida na uku babu da'ira sam, sai layukan nan biyu sun gitta juna. A sahu na biyu akwai alwatika da layi tsaye, sai alwatika da da'ira sun hau juna, sai da'ira da layi tsaye. A sahu na uku akwai da'ira da alwatika, sai alwatika da layi kwance, sai gidan da aka bari. A ƙasa an jera amsoshi takwas, an ce a zaɓi guda, ga agogo yana ta tafiya.

Hannu yakan fara kaiwa ga amsar da ta tattara da'ira da alwatika da layi kwance gaba ɗaya, domin ita ta fi cika ido, kuma zuciya ta saba da cewa ɗora abu kan abu ƙari ne. Amma a koma sahun farko. Da'ira ta fito a gida na ɗaya, ta sake fitowa a na biyu, a na uku ta ɓace. Layi tsaye sau ɗaya ya fito, ya tsira. Layi kwance ma haka. A sahu na biyu alwatika ce ta maimaita kanta, ita ce kuma ta ɓace. Ke nan dokar ita ce: a ɗora gida na ɗaya kan na biyu, duk abin da ya zo sau biyu ya kashe kansa, abin da ya zo sau ɗaya ya wuce. A sahu na uku alwatika ta zo sau biyu, don haka amsar da'ira ce da layi kwance. Wanda ya bi gidajen daga sama zuwa ƙasa zai tarar dokar tana aiki ta nan ma, kuma wannan shi ne tabbacinsa. Wasu sukan kai ga amsar sannan su guje ta, saboda ta yi kama da wani gida da ke cikin takardar tun farko, suna ganin an yi musu tarko. Babu tarko. Doka ce ta kawo ta.

Abin da na yi imani da shi game da wannan nau'in wasa ƙwaƙwalwa shi ne, wanda ya faɗi a cikinsa galibi ba ƙarancin hankali ya kayar da shi ba. Idonsa ne ya riga shi yanke hukunci, kuma ba a taɓa nuna masa yadda ake dakatar da idon a rarraba zanen ba. Wannan abu ne da ake koyo, kuma kasancewar ana koyonsa ya kamata ya sauya yadda muke karanta makin da mutane ke samu.

Tambayoyin zane sun daɗe. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, rundunar sojanta ta cika da kurata waɗanda ba su iya karatu ba, da baƙin da ba su jin Turanci. Robert Yerkes da abokan aikinsa suka shirya gwaji iri biyu, Alpha ga masu karatu, Beta ga sauran. Beta zane ne da hotuna, bayaninsa ma da nuni da allo ake yi. Mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi suka zauna wa gwaje-gwajen nan. A Ingila kuwa, tun 1904 Charles Spearman ya lura cewa wanda ya yi kyau a gwaji ɗaya yakan yi kyau a wasu, sai ya ce akwai wata basira ta gama-gari da ke ƙarƙashinsu duka. A kan wannan ra'ayi John Raven ya gina gwajinsa mai suna Progressive Matrices, wanda ya fito a 1938. Tambaya 60 ne, rukuni biyar, kowanne da 12, suna tashi daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A rukunin ƙarshe ne siffofi ke hawa juna, suna ƙaruwa, suna raguwa. Daga baya Raymond Cattell ya fito da nasa a 1949 da nufin ya yi wa kowace al'ada adalci. Zuriyar waɗannan ce ake gani yau a jarrabawar da yara 'yan shekara 10 zuwa 11 ke yi a wasu yankunan Ingila kamar Kent don shiga zaɓaɓɓun makarantun sakandare, da kuma gwajin da kamfanoni da bankuna ke yi wa masu neman aiki a ƙasashe da dama, har da Nijeriya.

Me ya sa hawan siffa kan siffa ya fi sauran wahala? Domin ido ba ya jira a tambaye shi. Kafin tunani ya ce uffan, ya riga ya haɗa layuka ya ba su suna. Masanan Jamus na farkon ƙarnin da ya wuce sun yi aiki sosai a kan wannan. Max Wertheimer ya bayyana a 1923 cewa ido yana fifita layin da ya ci gaba da tafiyarsa salin-alin a kan wanda ya karya kwana, yana kuma rufe siffar da ba ta rufu ba, yana haɗa abubuwan da ke kusa da juna su zama abu ɗaya. A zana alwatika biyu, ɗaya kai sama ɗaya kai ƙasa, a ɗora su. Kowa zai ce tauraro ne mai tsini shida, ko ya ce alwatika biyu ne. Da wuya a sami wanda zai fara cewa siffa ce mai gefe shida a tsakiya da ƙananan alwatika shida kewaye da ita, alhali wannan ma gaskiya ne, kuma sau da yawa wannan ne mai tambaya ke nema.

Kurt Gottschaldt ya nuna ƙarfin wannan ɗabi'a a 1926. Yakan nuna wa mutane wata siffa mai sauƙi, wasu sau kaɗan, wasu sau ɗaruruwa, sannan ya nuna musu babban zane da siffar ke ɓoye a ciki. Yawan ganin bai sa ta yi tsalle ta fito musu ba. Babban zanen ya riga ya rabe layukanta, ya ba wa wannan siffa gefe ɗaya, ya ba wa waccan wani, har ƙaramar ta narke. Sai mutum ya sa niyyar nemanta, ya bi ta gefe-gefe, kafin ya same ta. Tun kafin nan, a 1917, likita Walther Poppelreuter yana duba sojojin da suka sami rauni a ka, ya riƙa nuna musu zanen kayan amfanin yau da kullum an ɗora su a kan juna. Akwai waɗanda idonsu lafiya lau, suna gane kowane abu idan an ware shi, amma da zarar layukan sun cakuɗe sai su kasa raba su. Har yanzu likitocin ƙwaƙwalwa suna amfani da zane irin wannan. Wato raba siffofin da suka hau juna aiki ne na musamman da ƙwaƙwalwa ke yi, daban da gani kawai.

Wanda ya taɓa zura wa dagi ido a gaban babbar riga ko a bangon gidan sarauta ya san wannan a aikace. Kallo ɗaya yana ba ka siffar gaba ɗayanta. Amma in aka ce ka faɗi inda wannan igiya ta bi ta sama da inda ta nutse ta ƙasa, dole ka sa yatsa ka bi ta daga gaɓa zuwa gaɓa. Mai ɗinkin da ke fitar da ita kullum ba kallon gaba ɗaya yake yi ba, layi yake bi. Mai amsa tambayar zane ma aikin da ke gabansa ke nan.

Daga nan ne tambayar "wa ke sama?" ta samo wahalarta. Idan baƙin murabba'i ya rufe rabin farar da'ira, ido yana cike ragowar da'irar da kansa, har mutum ya manta bai gan ta ba. Masu shirya tambaya sun san haka, shi ya sa sukan jera hoto huɗu ko biyar da siffofi iri ɗaya, launi ɗaya, girma ɗaya, bambancin kawai shi ne a guda ɗaya alwatika ce ta danne da'ira, a sauran da'ira ce ta danne alwatika. Dabarar a nan ƙarama ce: a duba mahaɗar, a ga layin wace siffa ce ya yanke. Wadda layinta ya katse ita ce a ƙasa. Idan babu wanda ya katse, siffofin garau suke, ana hango ta ƙasa ta cikin ta sama, to sai a koma ga wurin da suka yi tarayya a ga me aka yi masa. An baƙanta shi? An bar shi fari alhali sauran baƙi ne? An yi masa ratsi? Wannan ɗan fili na tsakiya shi ne wurin da aka fi ɓoye doka.

Dokokin kansu ba su da yawa, kuma wannan ne labari mai daɗi. A 1990 Patricia Carpenter da Marcel Just da Peter Shell na jami'ar Carnegie Mellon suka ɗauki gwajin Raven mai wuya, na manya, suka warware shi tambaya-tambaya. Suka tarar kusan duka tambayoyin a kan doka biyar suke tafiya. Ko dai abu ya tsaya yadda yake a sahu ɗaya ya sauya a na gaba, ko ya riƙa ƙaruwa ko raguwa mataki-mataki, ko a haɗa gida biyu ko a cire ɗaya daga ɗaya a sami na uku, ko abu uku su riƙa zagaya gidajen kowanne ya fito sau ɗaya a sahu, ko kuma abu ya fito sau biyu a sahu ya rasa a gida na uku. Ta ƙarshen nan ita ce muka gani a misalinmu, ita ce kuma ta fi kayar da mutane. Masu lissafi sun san ta tun zamanin George Boole a tsakiyar ƙarni na 19, kuma tana cikin ayyukan da kowace kwamfuta ke yi a ƙasan komai: wannan ko wancan, amma ban da duka biyun tare.

Abin da ya fi jan hankalina a binciken nasu shi ne abin da suka gani da suka bi motsin idon ɗalibai da na'ura, suka kuma sa su faɗin tunaninsu a fili. Gwanaye da raunana duk hanya ɗaya suke bi. Babu wanda ke kallon gidaje tara ya ga amsa ta faɗo masa. Kowa yana kwatanta gida biyu ne, ya ciro doka guda, ya koma ya nemi wata. Inda suka rabu shi ne wajen riƙo. Tambayar da ke da doka ɗaya kowa yana cinye ta. Idan ta kai uku ko huɗu, wani yana gano ta uku sai ta farko ta zame masa, ya koma baya, ya rikice, lokaci ya ƙare. Ma'ajiyar da tunani ke aiki da ita a lokaci guda ƙarama ce ƙwarai. Nelson Cowan ya kimanta ta a 2001 da abu huɗu ko kusa da haka. Siffofin da suka hau juna suna cinye wannan ɗan wuri tun kafin a fara neman doka, domin sai an kashe wani kaso wajen tantance wane layi na wace siffa ne.

Saboda haka shawarar da nake ganin ta fi kowace amfani ita ce mutum ya sauke wa kansa kaya. A ɗauki siffa ɗaya tak, a bi ta gidajen duka kamar sauran ba su nan. A gama da da'ira, a faɗi hukuncinta da baki ko a zuci: "da'ira tana nan a amsa." In an yarda a yi rubutu, a ɗiga alama a gefen takarda. Nan take a soke duk amsar da babu da'ira, sannan a ɗauki alwatika. Abin da aka faɗa da kalma ya fi zama a ka bisa abin da aka bari a matsayin hoto, kuma abin da aka rubuta ya fita daga ka gaba ɗaya ya bar wa na gaba wuri. Da wannan tsari, tambayar da ta yi kama da curarren zare sai ta koma ƙananan tambayoyi uku, kowacce yaro zai iya amsawa.

Akwai muhawara a kan ko a fara duba amsoshin da aka jera ko a rufe su. Masu bincike irin su Richard Snow da abokan aikinsa sun bambanta hanya biyu tun shekarun 1980: mai gina amsa a kansa kafin ya duba ƙasa, da mai zuwa yana gwada amsoshi ɗaya bayan ɗaya yana zubarwa. Sun ga masu babban maki sun fi bin ta farko, mutane kuma sukan gangara zuwa ta biyu idan tambaya ta fi ƙarfinsu. Ni ina tare da ta farko, saboda amsoshin ƙarya ba da ka aka zuba su ba. Kowacce an ƙera ta ne don mai wani kuskure. Akwai ta wanda ya tara komai, akwai ta wanda ya ɗauki abin da aka yi tarayya a kai kaɗai, akwai ta wanda ya gano doka biyu ya manta ta uku. Wanda ya sauko ba da tasa amsar ba zai tarar da wadda ta yi daidai da rabin tunaninsa, ya yi wa rogo kallon kitse. Amma zubarwa ma tana da ranarta. Idan saura daƙiƙa goma kuma doka ɗaya kawai ka kama, yi amfani da ita ka rage takwas su koma uku, ka zaɓa.

A gefe guda, amsoshin nan sukan tona asirin mai tambaya idan ya yi sakaci. A 2019 masu bincike a jami'ar UCLA suka fitar da tarin tambayoyi irin na Raven don horar da kwamfuta. Daga baya wasu suka gano cewa na'ura tana iya cin mafi yawansu ba tare da ta kalli gidaje taran ba. Dalili kuwa, an samar da kowace amsar ƙarya ne ta hanyar sauya abu ɗaya daga ta gaskiya, don haka wadda ta fi kama da sauran duka ita ce daidai. Sai da aka sake tsarin. Kwamfuta dai ta daɗe a wannan fage. Tun 1963 Thomas Evans na MIT ya rubuta manhajar da ke amsa tambayoyin kwatancen siffofi, kuma aikin farko da ya ɗora mata shi ne raba zanen da ya cakuɗe zuwa siffofinsa, daidai inda ɗan Adam ma ke fara tuntuɓe.

Wani nau'in da nake ƙauna shi ne na ɗigo, wanda ke cikin gwajin Cattell. Za a nuna da'ira da alwatika da murabba'i sun shiga juna, da ɗigo guda a wani wuri. A ƙasa ga zane biyar na siffofin nan uku a tsari daban-daban, babu ɗigo. Tambayar ita ce a wanne za a iya sa ɗigon ya zauna irin zaman da ya yi a sama. Mai kallon kama zai nemi zanen da ya fi kama da na sama, kuma zai faɗi. Abin yi shi ne a faɗi adireshin ɗigon: yana cikin da'ira, yana cikin alwatika, yana wajen murabba'i. Shi ke nan, sai a nemi zanen da ke da irin wannan fili, komai ƙanƙantarsa. Idan a wani zane duk inda da'ira da alwatika suka haɗu murabba'i ya lulluɓe shi, wannan ya fita. Tunanin John Venn ne na 1880 aka mayar wasa. Da'ira uku da suka shiga juna yadda ya kamata suna ba da fili bakwai a ciki, na takwas a waje. Abin sha'awa, da'ira huɗu ba za su iya ba da fili 16 ɗin da ake bukata don nuna kowane irin haɗi ba, iyakarsu 14, shi ya sa Venn ya koma ga siffar ƙwai da ya zo kan huɗu.

Sai ƙidaya, wadda ta fi yawo a wayoyin mutane tana haddasa musu. "Alwatika nawa ke cikin wannan zane?" A nan ma ido ne ke cuta, domin yana ganin ƙanana da babbar da ta kewaye su, yana tsallake na tsakiya. A ɗauki alwatika, a ja layi biyu daga tsininta zuwa gindinta. Ƙanana uku ne a fili. Amma ta ɗaya da ta biyu in an haɗa alwatika ce, ta biyu da ta uku ma haka, ga kuma uwar duka: 3 da 2 da 1, shida ke nan. A ƙara layi ɗaya a kwance ya ratsa tsakiya, sai kowacce ta sami ƙanwa a sama, su zama 12. Murabba'in da aka gitta wa layi biyu daga kusurwa zuwa kusurwa yana da takwas, ƙanana huɗu da manya huɗu. Allon chess mai gida takwas-takwas ba murabba'i 64 ke cikinsa ba, 204 ne, in aka tara 64 da 49 da 36 da 25 da 16 da 9 da 4 da 1. Tauraro mai tsini biyar da aka zana cikin siffa mai gefe biyar yana ɓoye alwatika 35, kuma ban ga mai kai wa wannan adadi da kallo kawai ba. Hanyar ita ce a sa wa kowane ƙaramin fili lamba, a ƙirga masu fili ɗaya, sannan masu biyu, sannan masu uku, kada a tsallaka mataki sai an gama da shi.

Juyi kuwa abu ɗaya zan ce a kansa. Roger Shepard da Jacqueline Metzler sun nuna a 1971 cewa lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya gane siffa biyu ɗaya ne yana ƙaruwa daidai da girman juyin da ke tsakaninsu, kamar dai da gaske yana juya abin a kansa. Juya siffa uku da suka hau juna a ka aiki ne mai tsada. Ya fi sauƙi a kama alama ɗaya, a ce daga tsinin alwatika in na bi yadda hannun agogo ke tafiya, ɗigo nake fara tararwa kafin da'ira. Juyi ba ya sauya wannan jeri. Hoton madubi ne kaɗai ke birkita shi, kuma da haka ake kama shi.

To, idan duk wannan ana koyonsa, me makin yake aunawa? A nan ne nake ganin an fi yin zalunci. An so a ce tunda babu harshe a takardar, ɗan birni da ɗan ƙauye, mai boko da marar boko, duk daidai suke a gabanta. Shaidu ba su goyi bayan haka ba. Alexander Luria ya je ƙauyukan Uzbekistan a 1931 da 1932, ya nuna wa mutanen da ba su yi makaranta ba siffofi. Da'ira suka ce faranti ce ko rariya ko wata, alwatika suka ce laya ce, murabba'i suka ce madubi ko ƙofa. Ba kuskure suka yi ba. Ɗaukar siffa a matsayin siffa kawai, wadda ba ta wakiltar komai, ɗabi'a ce da aji ke koyarwa. Haka ma karanta gidaje daga hagu zuwa dama, da yarda cewa amsa ɗaya ce tak, da saurin aiki don agogo.

Robert Serpell ya yi wani gwaji da aka buga a 1979 wanda ya kamata duk mai yanke hukunci da maki ya sani. Ya ba yaran Zambiya da yaran Ingila aikin kwaikwayon siffofi. Da aka ba da fensir da takarda, yaran Ingila suka yi gaba. Da aka ba da waya a lanƙwasa, yaran Zambiya, waɗanda suka saba ƙera motocin waya, suka wuce su. Da aka ba da yumɓu, wanda duka suka saba da shi, sai aka tashi kusan kunnen doki. Basirar gane siffa tana wurin kowa, kayan aikin ne ke nuna ta ko ya rufe ta. Duk wanda ya ga yaranmu suna haɗa motar kara ko ta gwangwani, da ƙofa da tayoyi da sitiyari mai juyawa, ya san wane ɓangare za su faɗa a wannan gwaji.

Akwai kuma hujjar da ta fito daga Turai kanta. James Flynn ya tattara alƙaluman ƙasashe 14 a 1987, ya nuna cewa maki yana hawa daga tsara zuwa tsara. A Holan, samari 'yan shekara 18 da ake gwadawa don aikin soja sun ƙaru da kimanin maki 20 tsakanin 1952 da 1982 a gwaji irin na Raven. Jinin mutane ba ya sauyawa haka cikin shekara 30. Makaranta ce ta yawaita, abinci da lafiya suka inganta, rayuwa ta cika da zane da taswira da alamomi. An ga irin wannan hawa a yankin Embu na ƙasar Kenya tsakanin 1984 da 1998, a binciken da aka buga a 2003, inda masu binciken suka danganta shi da abinci da lafiyar yara da karatun iyaye. Gwajin da aka ce ya fi kowanne tsira daga tasirin muhalli, shi ne makinsa ya fi motsi da muhalli ya sauya.

Ba ina cewa gwajin banza ba ne. Tsakanin mutanen da suka yi makaranta iri ɗaya, suka saba da takarda iri ɗaya, yana nuna wani abu na gaske game da iya riƙe dokoki da yawa da warware sabuwar matsala, kuma ya fi a ɗauki mutum aiki don sanayya. Haka nan kada a ruɗi iyaye cewa yaron da ya haddace dabarun nan ya ƙara basira a komai. Atisaye yana ɗaga maki a irin tambayar da aka yi atisayenta, amma ribar da yake kai wa lissafi ko karatu ba ta kai yadda masu sayar da littattafai da manhajoji ke faɗa ba. Amfaninsa na haƙiƙa shi ne ya kawar da baƙunta, yadda ranar jarrabawa tunanin yaro za a auna, ba firgicinsa da sabon abu ba.

Koyar da shi kuma ba ya bukatar kuɗi. Malami ya sami farar leda mai garau guda biyu, ya zana da'ira da layi a ɗaya, alwatika da layi a ɗaya, ya ɗora su a gaban yara, ya zare, ya sake ɗorawa, har su ga da idonsu cewa cakuɗaɗɗen zane shimfiɗa biyu ne. Sannan ya ba su su ƙirƙiro tasu tambayar su ba juna, domin wanda ya taɓa ƙera amsar ƙarya da hannunsa ba ya saurin faɗa mata. Masu ɗaukar aiki kuma akwai abin da ke kansu. Gwajin Raven na manya kashi biyu ne, na farko tambaya 12 da ake iya bayarwa don mutum ya saba da salon, na biyu 36 da ake ba wa maki. Wurin da ke jefa wa matasa tambayoyin zane a kwamfuta, minti ɗaya-ɗaya, ba tare da misalin gwaji ko ɗaya ba, ya tsallake wannan kashi na farko, kuma zai zubar da ƙwararrun da laifinsu kawai shi ne yau suka fara ganin irin takardar.